Gobara a Inda Masu Kwana Ba Su Iya Gudu

Duk shawarar da aka saba ba jama'a game da gobara an gina ta ne a kan zaton cewa mutum zai ji ƙararrawa ko ihun maƙwabta, ya farka, ya gane abin da ke faruwa, ya miƙe da ƙafafunsa ya nemi ƙofa. A gidan kula da tsofaffi, ko a ɗakin da aka kwantar da marasa lafiya na tsawon makonni da watanni, wannan zato ba ya aiki ko kaɗan. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, akwai tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa ba ta san inda take ba, akwai wanda aka ba maganin barci, akwai wanda numfashinsa ke rataye da tukunyar iskar oksijin, ga kuma jariran da aka haifa bakwaini suna cikin kwalba. Dukkansu rayuwarsu, idan wuta ta tashi da dare, tana hannun mutum biyu ko uku da ke bakin aiki, da kuma irin shirin da masu wurin suka yi tun kafin ranar. Wannan ne ya sa nake ganin bin ƙa'idojin kariya daga gobara a irin waɗannan wurare wani ɓangare ne na jinyar kanta, daidai da ba da magani a kan lokaci.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gidan tsofaffi na Rosepark da ke garin Uddingston a yankin Sikotland na Birtaniya. Ranar 31 ga Janairun 2004, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wuta ta tashi a cikin wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiya da ke kan barandar da ta ratsa tsakanin ɗakunan kwana. Asalinta matsalar wayar lantarki ce kusa da akwatin rarraba wuta, kuma a cikin ɗakin ajiyar akwai kayan da ke saurin kamawa, har da gwangwanayen feshi waɗanda suka riƙa fashewa da zafi ya kai musu. Wutar ba ta cinye ginin ba, ba ta ma daɗe tana ci ba, domin cikin 'yan mintoci ta ƙarar da iskar da ke wurin ta lafa da kanta. Duk da haka tsofaffi 14 ne suka rasu, goma a nan take, huɗu daga baya a asibiti, kuma hayaƙi ne ya yi mafi yawan ɓarnar.

Gidan nan yana da ƙararrawar gobara, kuma ta kaɗa. Yana da ƙofofin tare wuta, yana da tukwanen kashe gobara, yana da takardar da ke cewa an tantance haɗuran da ke cikinsa. Abin da binciken kotu ya bankaɗo, wanda alƙali Brian Lockhart ya jagoranta ya kuma fitar da sakamakonsa a 2011, shi ne yadda kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya kasance akwai shi a ido amma babu shi a aikace. An sauya allon da ke nuna sashen da wuta ta tashi 'yan kwanaki kafin gobarar, ba a koya wa ma'aikatan dare yadda ake karanta sabon ba, saboda haka da ƙararrawa ta kaɗa sai suka tafi neman wutar a inda ba ta. Al'adar gidan kuma ita ce a fara dubawa a tabbatar wuta ce ta gaske kafin a kira 'yan kwana-kwana, kuma wannan al'ada ta cinye minti tara. Da motocin suka iso, an ƙara rasa wasu mintocin wajen gane mashigar da ta dace. Ƙofofin ɗakunan kwana da yawa a buɗe suke, wasu ma an cire musu abin da ke mayar da su su rufe da kansu, saboda tsofaffin sun fi son kwana ƙofa a buɗe. Wayoyin lantarkin ba su samu binciken lokaci-lokaci da ƙa'ida ta tanada ba. Ita kuwa takardar tantance haɗari, wani babban giɓinta shi ne ba ta yi la'akari yadda ya kamata da mazauna gidan ba, wato mutanen da aka gina gidan dominsu. Alƙalin ya yanke cewa da an yi shiri mai inganci, da wasu daga cikin mamatan, ko ma dukkansu, sun tsira.

Batun ƙofa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mafi araha a cikin matakan kuma shi aka fi rainawa. Hayaƙin katifar soso da robobi da labule yana ɗauke da iskar guba da ke gusar da hankalin mai barci tun kafin ya ji zafin wuta, yana kuma tafiya a baranda fiye da saurin da ma'aikaciyar jinya za ta iya tura gado. Ƙofa mai kauri da ta rufu ruf tana iya tsare wuta da hayaƙi na kimanin minti 30, kuma a kan wannan ne aka ɗora dukkan dabarar ceton marasa lafiya. Ba a sa ran mutum uku su fitar da majinyata arba'in zuwa fili cikin minti biyar. Abin da ake so shi ne a raba ginin sashe-sashe da bango da ƙofofi masu jure wuta, ta yadda idan wani sashe ya kama za a janye mutanensa zuwa sashen da ke maƙwabtaka da shi a kan bene ɗaya, a rufe ƙofa, a samu lokacin jiran taimako. Duk ranar da aka tokare irin wannan ƙofa da kujera ko dutse don iska ta shiga, an mayar da sassan biyu sashe ɗaya. Ba na zargin tsohon da ke jin kaɗaici idan an rufe masa ƙofa, ko ma'aikaciyar da ta tausaya masa ta bar ta a buɗe, domin akwai na'urar da ke riƙe ƙofa a buɗe ta sake ta da zarar ƙararrawa ta kaɗa, kuma sayen ta nauyin masu gidan ne.

Bayan Rosepark, Sikotland ta wajabta sanya bututun yayyafin ruwa a silin, irin wanda zafin wuta ke buɗe shi da kansa, a duk sabon gidan kula da tsofaffi daga shekarar 2005. Haka lamarin ya kasance a wurare da dama, sai an yi asarar rayuka doka take biyowa. A Amurka, gobara biyu a shekarar 2003, ɗaya a Hartford ɗaya a Nashville, sun kashe mutum 31 a gidajen jinyar tsofaffi, sannan gwamnatin tarayya ta sa wa'adin watan Agustan 2013 ga duk gidan da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya na gwamnati ya sanya wannan bututu. A Kanada, ranar 23 ga Janairun 2014, gobara ta kama gidan tsofaffi a ƙauyen L'Isle-Verte na lardin Kebek cikin tsananin sanyi, mutum 32 suka rasu. Tsohon ɓangaren ginin, wanda na katako ne kuma babu bututun ruwa a cikinsa, ya ƙone ƙurmus, sabon ɓangaren da ke da bututun da kuma bangon tare wuta ya tsaya. Ma'aikaci ɗaya ne ke aikin dare a wannan gida, kuma ko da ya fi kowa jarumta, hannu biyu gare shi.

Shirin ko-ta-kwana bai tsaya a kan wuta kaɗai ba. A watan Satumban 2017 guguwar Irma ta lalata taransifomar da ke ba na'urorin sanyaya ɗaki wuta a wani gidan jinyar tsofaffi da ke Hollywood Hills a jihar Fulorida ta Amurka, aka bar mazauna gidan cikin zafi na kwanaki, har aka tabbatar zafin ne ya kashe mutum 12 daga cikinsu, alhali akwai babban asibiti mai wuta a tsallaken titi. Daga baya jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje mallakar janareta da tanadin da zai riƙe sanyi na awa 96. Dokar tarayya ta Amurka kan shirin gaggawa, wadda aka fitar a 2016, ta nemi kowace cibiyar lafiya da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya na gwamnati ta tantance haɗuran da ke kewaye da ita, ta rubuta matakan da za ta ɗauka, ta tsara yadda za a yi sadarwa da hukumomi da iyalan majinyata, sannan ta horar da ma'aikata ta kuma gwada shirin. Wanda ya san zafin Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ɗaukewar wuta ke yi wa tsoho mai ciwon zuciya. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shiga har asibitin koyarwa na jami'ar garin, kuma ta nuna cewa tambayar inda za a kai majinyata idan ginin kansa ya gagara zama tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye.

Gobarar da ta fi kama da yanayinmu ita ce ta Tivaouane a Senigal. A daren 25 ga Mayun 2022 wuta ta tashi a sashen jarirai sabbin haihuwa na asibitin Mame Abdou Aziz Sy Dabakh, jarirai 11 suka rasu, kuma hukumomi sun danganta ta da haɗuwar wayoyin lantarki. Washegari Shugaba Macky Sall ya sauke ministan lafiya, Abdoulaye Diouf Sarr. Shekara ɗaya kafin nan, a watan Afrilun 2021, jarirai huɗu sun rasu a irin wannan gobara a asibitin Linguère na ƙasar. A wannan watan na Afrilun 2021 ɗin ne kuma tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, inda ake jinyar masu cutar korona, aƙalla mutum 82 suka mutu, cikinsu har da 'yan uwan da suka zo zaman jinya. Asibitin ba shi da ingantaccen tsarin gano wuta ko kashe ta, kuma silin ɗinsa na kayan da ke saurin kamawa ne. Ba a cika wata uku ba aka sake yin irinta a wani asibiti a garin Nasiriyya, shi ma a Iraƙi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma waɗannan asibitoci sun fi kusa da namu ta fuskar wayoyi, cunkoso da ƙarancin kuɗin gyara.

Ita iskar oksijin ba ta ci da wuta da kanta, amma inda ta taru fiye da ƙima, zanen gado da gashin kai da soso suna kamawa daga ɗan tartsatsin da a wani wurin ba zai yi komai ba, kuma su ci da ƙarfin da ba a saba gani ba. Mai da maiƙo su ne manyan abokan gabarta. A lokacin hunturu, da kowa ke shafa basilin a leɓe da hanci saboda kaushi, wajibi ne a gaya wa mai jinya kada ya shafa wa wanda ke shaƙar oksijin irin wannan mai a fuska, kada kuma a taɓa bakin tukunyar da hannu mai maiƙo. Tukwanen su kasance a tsaye a ɗaure, nesa da hita da soket, waɗanda ba a amfani da su kuma a ajiye su a wajen ɗakin, sannan kowane ma'aikacin dare ya san inda makunnin da ke datse iskar yake idan ta bututu ake rarraba ta.

A ƙasar Hausa gidajen tsofaffi ba su da yawa, domin har yanzu iyali ne ke riƙe tsohonsu, amma muna da wuraren da mutane ke kwana na dogon lokaci a hannun ma'aikatan lafiya: cibiyoyin masu yoyon fitsari, asibitocin kutare da na tarin fuka, asibitocin masu taɓin hankali, gidajen gajiyayyu da na marayu, cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa, da kuma ƙananan asibitoci masu zaman kansu waɗanda yawancinsu gidajen zama ne aka mayar asibiti. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yana da matattakala ɗaya mai ƙunci wadda gadon mara lafiya ba ya bi, wayoyinsa kuma an ja su ne don fanka da talabijin, yanzu ga su suna ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki, firji, tukunyar tafasa kayan aiki da injin tace oksijin. A ƙara da yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, da sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da sola, da batura da jarkokin man fetur da ake ajiyewa a ƙarƙashin matattakala saboda nan ne ɓarawo ba ya kaiwa.

Tsoron ɓarawo shi ne ya haifar mana da matsalar da babu irinta sosai a Rosepark. Tagoginmu duk an gindaya musu ƙarafa, ƙofar baya kuma an sa mata sarƙa da kwaɗo. A wani asibiti da na yi zaman jinyar wani ɗan'uwana, na lura ƙofar da aka rubuta mata alamar mafitar gaggawa a kulle take dare da rana, an jingina tsofaffin gadaje a jikinta, kuma da na tambayi ma'aikaciyar dare wanda ke riƙe da makullin sai ta ce yana wurin wani jami'i da ke tashi daga aiki da la'asar. Matsalar tsaro gaskiya ce, kuma a asibitin masu taɓin hankali kulle ƙofa wani lokaci kariya ce ga majinyacin kansa. Amma akwai makullin da ke hana shigowa daga waje ya kuma buɗe da turawa ɗaya daga ciki, ana iya yi wa ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki marfi mai buɗewa, kuma inda kullewa ta zama dole, makulli ya kasance a jikin kowane ma'aikacin da ke bakin aiki, ba a aljihun wanda ya tafi gida ba.

Masu zaman jinya kuwa haɗari ne ta wani gefen, ta wani gefen kuma su ne babbar dukiyar da muke da ita. Su ne ke shigo da risho da ƙaramar tukunyar gas da gawayi don ɗumama kunu, su kunna maganin sauro na igiya kusa da gidan sauro, su jona caja goma a soket ɗaya, su shimfiɗa tabarmi a baranda har hanya ta toshe. Hana su girki ba tare da an ware musu madafa a nesa da ɗakunan kwana ba yana sa su ɓoye rishon ne a ƙarƙashin gado. Amma inda gidan L'Isle-Verte ke da ma'aikaci ɗaya da dare, ɗakin majinyatanmu yana da mutum ashirin ko talatin masu lafiya da ƙarfi suna kwance kusa da nasu. Da a ce ranar da aka ba mara lafiya gado ana ɗaukar minti biyar a ce wa mai jinyarsa, "Hajiya, ga ƙofar da za ki bi, ga inda za a taru, idan kin ga hayaƙi ki sanar da mu nan take, kada ki koma ɗaukar kaya," da an samu rundunar ceto ba tare da an kashe ko kwabo ba. Za a iya nuna musu yadda mutum biyu ke janye majinyaci a kan katifarsa ko a cikin bargo a ƙasa, inda hayaƙi ya fi sauƙi. Idan ba a yi musu wannan bayani ba, su ɗin ne za su cunkushe ƙofa, kowa na ƙoƙarin fitar da nasa.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta rasa madogara ba. Akwai dokar hukumar kashe gobara ta 1963, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 wadda ta tanadi cewa cibiyar lafiya ta mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida, ga kuma hukumomin kashe gobara na jihohi da hukumomin da ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista. Damuwata ita ce abin da muke kira cika ƙa'ida. Sau da yawa yana ƙarewa ne a kan jar tukunya da aka rataye a bango da bokitin yashi, mai bincike ya zo da hantsi ya duba kwanan watan da ke jikin tukunyar ya sa hannu. Rosepark ma yana da takardunsa, kuma hukumomi na ziyartarsa. Binciken da nake ganin yana da amfani shi ne wanda zai zo da ƙarfe biyu na dare ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga ma'aikatan da ke nan da majinyatan da ba sa iya tafiya, ya tura kowace ƙofar fita da hannunsa, ya tambayi ƙaramar ma'aikaciya lambar da za ta kira da kuma ko tana da izinin kira ba tare da ta tashi likita ko shugabar ma'aikatan jinya ba. Lambar gaggawa ta 112 a Nijeriya, da 18 a Nijar, da lambar ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, ya kamata su kasance a rubuce a bangon kowane ɗaki, kuma umarnin ya zama a kira tukuna sannan a duba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma atisaye shi ne abin da ke mayar da rubutaccen shiri ya zama abin da jiki ya saba da shi. A Amurka ƙa'ida ita ce a yi atisayen gobara sau ɗaya cikin kowane wata uku ga kowane rukunin ma'aikata, har da na dare, saboda masu aikin dare ne suka fi ƙaranci kuma su ne aka fi mantawa wajen horo. Ba sai an tayar da marasa lafiya ba. Ma'aikaci na iya kwanciya a gado a matsayin majinyaci, a auna mintocin da za a ɗauka kafin a fitar da shi, kuma a nan ne ake gano cewa gadon ya fi ƙofar faɗi, ko keken guragu ba ya hawa dokin ƙofa, ko motar kashe gobara ba za ta iya shiga harabar ba saboda rumfunan da aka kafa a bakin get.

Idan aka ta da wannan magana, akan samu mai cewa gobara ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarce mu da ɗaukar mataki. Ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a kashe ta idan za a kwanta barci. Wanda ya karɓi tsoho ko mara lafiya ya ba shi gado ya karɓi amana, kuma za a tambaye shi game da ita.

Na san bututun yayyafin ruwa ya fi ƙarfin yawancin cibiyoyinmu a yanzu, musamman inda ruwan famfo ma ba ya zuwa kullum, kodayake bai kamata a ci gaba da amincewa da zanen sabon babban asibiti mai benaye ba tare da shi ba. Sauran matakan kuwa ba su da tsada irin wannan: na'urar gano hayaƙi mai aiki da batir a kowane ɗaki da ɗakin ajiya, fitilar da ke kamawa da kanta idan an ɗauke wuta, ƙwararren mai gyaran lantarki da zai bi wayoyi da akwatin rarraba wuta a kai a kai ya rubuta abin da ya gani, kwashe kwalaye da jarkoki daga kusa da wannan akwati, da takarda a teburin ma'aikatan jinya da ake sabuntawa kowace yamma mai nuna wanda ke iya tafiya da kansa, wanda ke buƙatar mutum ɗaya da wanda sai mutum biyu. Shugaban cibiya na iya fara yawancin waɗannan a cikin makon nan ba tare da jiran kasafin kuɗi daga ma'aikatar lafiya ba, kuma iyalan da ke biyan kuɗin gado suna da haƙƙin su nemi a nuna musu mafitar gaggawa a buɗe ta a gabansu kafin su bar nasu ya kwana a wurin.